Gwiwar Dabo

Asabar, 5 ga Oktoba, 2024

Yau wani darakta daga Kano ya shigo gidan gem ɗinmu yana tambayar wane ne Sagir, wato ni. Ina tsakiyar wasa, ban ko ɗago kai ba sai da na gama da wanda nake karawa da shi. Sunan daraktan Abbas. Ya ce ya ga guntayen bidiyon da nake sakawa a waya, waɗanda nake kwaikwayon faɗan kareti na gem ɗin mutanen Japan. Za su ɗauki fim mai dogon zango a Dutsi ƙarshen watan nan, yana neman wanda zai tsara musu faɗa. In faɗan ƙarshe na zangon farko ya yi kyau, zai tafi da ni Kano in riƙe aikin har shirin ya ƙare.

Shekara tara ina danna maɓalli ana kirana ɗan zaman banza. Yau ga wanda ya taso tun daga Kano saboda zaman banzan nan.

Sai dai bakina bai bar ni ba. Ya ce abu ɗaya ya rage musu, tsohon ɗan dambe na gaske, mai jiki, da zai fito a gwarzon ƙauye. Bai rufe baki ba na ce, "Ai Dabo babana ne." Ashe ya san sunan. Ya ce in na kawo shi magana ta ƙare. Sai da muka yi sallama ya miƙo mini takardun labarin. A shafin ƙarshe, saurayin da ya koyo faɗa a birni yana kayar da tsohon a gaban mutanen gari.

Lahadi, 6 ga Oktoba

Na karanta shafin nan sau huɗu. Bai canza ba.

Talata, 8 ga Oktoba

Shekara goma sha bakwai Baba ya yi yana dambe, daga nan Daura har cikin Nijar, ba a taɓa kashe shi ba. A dambe da zarar gwiwarka ko hannunka ya taɓa ƙasa an kashe ka ke nan, ko da ka miƙe kana dariya. Kirarin da Baba Lawal mai kalangu ya yi masa har yau ana yinsa a layin mahauta: Dabo, gwiwa ba ta san ƙasa ba sai a sallah. Ba shi da gidan bene, ba shi da mota, wannan kirarin shi ne abin da ya tara.

Ni ne kaɗai ɗansa namiji, kuma ban taɓa ɗaura zare a hannu ba. Abokansa sukan ce a gidanmu aka ƙaryata maganar barewa, ta yi gudu ɗanta yana rarrafe. Shi kuwa sunan da ya sa wa sana'ata damben yatsu.

Da hantsi na same shi a rumfa yana sarar ƙashi. Na ce ana son sa a fim. Ya ce, "Wa zan buga?" Na ce ba a bugun kowa da gaske. Ya ce to me za a ɗauka. Na zauna na yi masa bayani, har na gaya masa abin da na gani a wani bidiyo, cewa mayaƙan cikin gem ɗin nan ba zane ba ne kawai. Gwanayen kareti ake samu a Japan, a liƙa musu na'urori a jiki, su yi naushi su yi shuri, na'ura ta kwashe motsin. Ya ajiye gatarin. "Wato akwai maza a bayan akwatin?" Na ce akwai.

Sai ya ce in don a ga yadda ake tsayuwa ne zai je, don yaran yanzu ba su iya tsayuwa ba.

Ban gaya masa shafin ƙarshe ba. Zan gaya masa, sai dai ba yau ba.

Juma'a, 11 ga Oktoba

Jarumin ya iso. Hussaini. Fari, dogo, yana tsoron fuskarsa kamar sabon faranti. Amma yana jin magana.

Muna atisaye a filin bayan gidanmu bayan la'asar. Abin da na fara koya masa shi ne abin da na gano da kaina lokacin da nake rage gudun gem ina kallon motsi ɗaya bayan ɗaya: kowane bugu kashi uku ne, ɗaukowa, saukewa, da dawowa. A fim kuma ba mai bugu ke yin bugun ba, wanda aka buga ne. Hannu zai wuce taƙi guda daga fuska, kyamara tana bayan kafaɗa, sai wanda aka kai wa ya karya wuya a daidai lokacin. In ya makara, ƙarya ta fito. In ya riga, ta fi fitowa.

Na nuna masa faɗuwata a kan tsohuwar katifa. Tsalle da baya, hannuwa a buɗe, gadon baya ya fara sauka, ƙafafu su tashi sama su dawo. Sak yadda ake faɗuwa a gem. Wata uku na yi ina koyonta bara, kuma ban ga wanda ya iya ta a garin nan ba. Hussaini har da tafi.

Inna tana shanya ta ce, "In ka juya baya sai in ɗauka ubanka ne yana saurayi. Ta gaba ne kawai ka ɓata." Na gode, Inna.

Litinin, 14 ga Oktoba

Baba ya zo atisaye. Ba shi kaɗai ba, har da Baba Lawal da kalangunsa a hammata, wai ba a ɗaure hannu a shiru. Inna ta fito da zaren daga ƙasan adaka, ya yi baƙi, yana warin tsufa. Na tsaya ina kallo yana naɗe hannun dama, bai ko duba ba, yatsun hagun ne suka san hanya. Da ya tsaya, ya miƙa hagu gaba ya ja dama baya ya rage tsawo, sai na ji filin ya yi mini kaɗan. Shekararsa sittin da ɗaya. Ban taɓa ganin haka ba, an haife ni ya riga ya daina.

Matsalar, bai iya saɓa bugu ba. Sau biyu iskar hannunsa ta taɓa kunnen Hussaini, yaron ya ce zai sha ruwa, bai dawo ba sai da na je na lallaso shi. Na sa alama da gawayi a bango na ce Baba ya dinga kai wa can. Ya ce, "Shekara goma sha bakwai ina koyon kada hannuna ya kuskure, yau ɗana yana koya mini kuskure." Baba Lawal ya yi dariya har da tari.

Amma ya yi. Kafin magariba ya iya. Kuma da na gyara masa inda zai sa ƙafa saboda kyamara, bai musa ba, ya matsar. A rayuwata yau ne na fara ce wa Baba yi kaza ya yi.

Laraba, 16 ga Oktoba

Na shirya zan faɗa masa yau. Na je rumfa, na tarar yana ba wani mai saye labarin fim, yana cewa yaron nan ashe akwai kai. Na sayi kilishin da ba na so na dawo.

Asabar, 19 ga Oktoba

Baki shi ke yanka wuya, amma yau shiruna ne ya yanka nawa.

Muna hutawa Hussaini ya ce, da zuciya ɗaya, "Baba, wurin da zan kayar da kai ɗin nan, don Allah kada ka riƙe ni da ƙarfi." Baba Lawal ya ɗauke hannu daga kan kalangu. Baba bai kalli Hussaini ba, ni ya kalla. Ya zauna a kan turmi ya warware zaren a hankali, ya naɗe shi, ya shige gida.

Na bi shi. Na ce wasa ne, kowa ya san wasa ne. Na ce ko a gem in an kayar da kai sai ka danna ka tashi a sake turmi. Ban san abin da ya sa na kawo wannan ba. Ya ce, "A wurinmu ba a dannawa." Ya ce akwai mutum uku a garin Babban Mutum da ya kashe a fili ɗaya, duk suna raye, duk 'ya'yansu na da waya. "Ba za su ce wasa ba ne. Za su ce ga ranar da muka jira."

Har na kai ƙofa ya ƙara da cewa ba faɗuwar ce ta fi ci masa rai ba. Ya ce kwana goma sha ɗaya ina kallon idonsa, har ina gyara masa ƙafa, na san inda nake kai shi.

Wannan ta shige ni. Gaskiyarsa ce, kuma na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba.

Lahadi, 20 ga Oktoba

Na kira darakta. Ba zai canza ƙarshen ba, ya ce duk labarin a kan faɗuwar nan ya tsaya. In tsohon ba zai faɗi ba, zai zo da wani daga Kano, kuma wancan yana da nasa mai tsara faɗan. Ya ce in ba shi amsa ranar Laraba.

Ba zan saki aikin nan ba. Kuma ba zan sake roƙon Baba ba. Dole akwai hanya ta uku.

Litinin, 21 ga Oktoba

Maganar Inna ce ta dawo mini ina wanka. Bayana irin nasa ne.

Ga yadda za a yi. Baba zai yi duk faɗan da fuskarsa. In an zo bugun ƙarshe sai a tsayar, kyamara ta koma baya, ni in sa wandonsa da layunsa da zarensa in tsaya a wurinsa, in faɗi. A wurin tacewa za a haɗa, ba wanda zai ga ɗinkin. Haka ake yi a manyan finafinai, akwai waɗanda sana'arsu ke nan, su faɗi a madadin wasu. Darakta ya ce in bayan ya yi kama, ba shi da matsala.

Baba ba ya amsa mini sai gaisuwa, don haka Inna na aika. Ta dawo ta ce ya ce ya riga ya ba da kalmarsa zai je, ba ya janyewa. Batun faɗuwa kuwa, "Jikinsa ne, in yana so ya zubar a ƙasa ya zubar." Ta ce masa ai mutane za su ɗauka shi ne. Ya ce shi dai ya san gwiwarsa ba ta taɓa ba, kuma Lawal yana wurin, zai shaida.

Alhamis, 24 ga Oktoba

Na aske sumata tas saboda ta zama irin kansa. Shekara biyu ina tara ta. A gidan gem sun ce na yi kama da sabon ɗan kurkuku. Su yi ta yi.

Faɗuwa talatin yau, goma na ƙarshe ba katifa. Kafaɗata ta hagu tana magana.

Lahadi, 27 ga Oktoba

Jiya aka yi. Ban iya riƙe biro ba sai yau, kuma ina so in rubuta shi duka kafin in fara gyara shi a kaina.

Wata gona ce a bayan Dutsi da aka gama yanke gero. Ƙasar ta bushe ta yi tauri, ga kututturen kara ko'ina, sai da muka cire na tsakiya. Mutanen ƙauyen sun zo kallo, darakta ya ce su tsaya su zama 'yan kallon cikin fim. Tsofaffi da yawa sun gane Baba, ana ta zuwa ana gaishe shi.

Faɗan ya tafi yadda na tsara. Turmi biyu, Baba na kora, Hussaini na zillewa yana kai shuri. Baba bai kuskure alama ko sau ɗaya ba. Na tsaya bayan mai kyamara ina kallon ƙaramin allon, zuciyata fal da murna. Abin da na zana a takarda ne yake motsi da jikin ubana.

Wajen azahar aka zo bugun ƙarshe. Na shiga bayan mota na sa kayan Baba. Shi ya ɗaure mini layun a damtse. Aka shafa mini toka a ƙeya. Katifa tana fitowa a hoto, aka janye ta.

Na farko, na yi tsallena na sauka da baya. Numfashina ya ɗauke na ɗan lokaci. Darakta ya ce da kyau, amma a sake. Na biyu, a sake. A na uku na ji dariya daga cikin mutane, wata tsohuwa tana cewa wannan bugunsa aka yi ko kunama ce ta harbe shi. Darakta ya kira ni ya nuna mini allon. Ya ce shi ma bai san mene ne ba, amma akwai abin da bai zauna ba. Duk faɗan mutum ne, faɗuwar kuma kamar ta wani fim ɗin daban. Na ce zan ƙara tsayin tsallen. Na ƙara. Na huɗu, na biyar. A na shida wani guntun kara da muka bari ya yanke ni a gwiwar hannu. Na goge jinin da ƙasa na ce a ci gaba. Na riga na rantse a raina ko sau hamsin ne sai na yi.

Bayan na bakwai ina kwance ina neman iska sai na ga inuwa a kaina. Baba ne. Ya ce, "Tashi. Cire mini layuna."

Na ɗauka tafiya zai yi. Ya ce wa ya koya mini wannan faɗuwar. Na ce a gem na gani. Ya ce mazan Japan ɗin nan sun ba ni bugu na gaskiya, amma faɗuwar ta yara suka ba ni. Wanda aka buga da gaske ba ya tashi sama, ba ya komawa baya. Ido ne ke fara tafiya. Sai gwiwa ta mutu. Sai mutum ya taho gaba, wajen wanda ya buge shi, kamar zai gaishe shi. "Fiye da arba'in sun taho mini haka. Ba wanda ya fi ni ganinta kusa."

Na ce to na gane, bari in gwada. Ya ce, "Ba ka taɓa gani ba, ba za ka iya ba." Ya miƙo mini damtsensa in mayar masa da layun.

Baba Lawal ya matso ya ce, "Dabo, ka san abin da za ka yi kuwa?" Baba ya ce in dai za a ce an kashe Dabo, to a kashe shi kisan maza, ba tsallen kwaɗo ba. Ya ce wa Baba Lawal ya buga kalangu. Baba Lawal ya daɗe yana kallonsa kafin ya sa kalangun a hammata.

Darakta ya dawo da kyamara ta gaba. Hussaini ya tsaya a wurinsa. Ya kai bugun, ya wuce taƙi guda kamar yadda na koya masa. Kan Baba ya karye a daidai lokacin. Na ga idonsa ya tafi, wallahi na gani, har na yi taku ɗaya zan shiga. Ya tsaya kamar ba abin da ya faru, sai ƙafafun suka saki. Gwiwar dama ta fara sauka, na ji ƙararta daga inda nake. Sai ta hagu. Sai ya taho gaba a hankali, goshinsa ya sauka dab da ƙafar Hussaini.

Kalangu ya tsaya. Ba wanda ya yi dariya. Wani tsoho a gefena ya cire hularsa yana salati ƙasa-ƙasa. Darakta ya manta bai ce a tsaya ba, mai kyamara ne ya taɓa shi.

Baba bai tashi ba. Na ruga na kama shi ta hammata, ashe gwiwar ce ta ƙi. Yana da nauyi. Ina ɗaga shi ya sa baki kusa da kunnena ya ce, "Ƙasar nan da tauri. Sau bakwai ka yi?"

Na kau da kai. Na yi kamar toka ce ta shigar mini ido.

Talata, 29 ga Oktoba

Gwiwar ta kumbura. A zaune yake sallah. Inna tana gasa masa da ruwan zafi tana yi mana faɗa mu biyu, wai babba da yaro ba mai hankali.

Darakta ya kira. Aikin nawa ne. Ya ce in zo Kano ranar Litinin mai zuwa. Na yi ta jiran in ji daɗin da na zata zan ji. Na ji, amma ba kamar yadda na zata ba.

Alhamis, 31 ga Oktoba

Wani cikin 'yan kallo ya ɗauka da waya, bidiyon ya riga ya zaga gari. Yau Baba ya koma rumfa da sanda, na raka shi. Ba mu zauna ba wani ya ɗago murya daga layin masu kayan miya, "Dabo, ashe ana kashe ka?" Aka yi dariya. An ce har daga Babban Mutum an bugo waya ana tambaya ko gaskiya ne. Na ji kamar in nutse. Ni na jawo masa.

Shi kuwa ya rataye cinyar saniya a ƙugiya ya ce, "An kashe. Ku je ku kalla da kyau, ku koyi yadda ake yi." Ya ci gaba da wasa wuƙarsa.

Baba Lawal ya wuce da yamma, ya gaishe shi da sunansa kawai. Bai yi kirarin ba. Na lura, kuma na san Baba ya lura.

Lahadi, 3 ga Nuwamba

Na ce wa darakta sai Litinin ta sama zan zo, akwai abin da ban gama ba. Ya ce kada dai ta wuce haka. Ba za ta wuce ba, aikin nan na sha wuya a kansa.

Jiya da safe kafin ya fita na kai wa Baba zaren na ce ya ɗaure mini. Na gaya masa saboda aiki ne, mai tsara faɗa ya kamata ya san nauyin abin. Ya ce to. Ya zauna a kan turmi ya miƙe ƙafar mai ciwo, ya kama hannuna yana naɗewa. Ya matse har yatsuna suka yi sanyi. Ya ce in tsaya. Na tsaya irin tsayuwar da na fi iyawa. Ya sa yatsa ɗaya a ƙirjina ya tura, sai ga ni ina neman bango. Ya ce, "Gobe ma ka zo."

Na je yau. Zan je gobe. Kwana takwas ne kawai, ba wani dambe zan koya ba.

Sun aiko daga gidan gem wai an kawo sabon faifan gem, ana jirana in buɗe shi. Na ce su fara. Gwiwar hannuna ce ba ta gama warkewa ba, shi ya sa.